Hayaƙin Injin Ban-Ruwa da Takin Yuriya: Ina Matsayin Manoman Kura da Bunkure?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zama ginshiƙin arzikin Kura, Bunkure da Garun Malam. Sai dai inda ruwan kanal bai kai ba, injin ban-ruwa ne ke aiki, hayaƙinsa kuwa na ɗauke da iskar da masana ke kira naitirojin oksayid, mai tsananta tari da asma, musamman ga yara.

A Turai, manyan motocin dizal suna da na'ura a jikin salansa, wadda sinadarin cikinta ke mayar da wannan iska naitirojin da tururin ruwa marasa lahani. Abin mamaki, abin da ake fesa wa hayaƙin kafin ya isa na'urar ruwan yuriya ne, irin takin da muke saya buhu-buhu. A ruwan AdBlue yuriya ce kashi 32.5 cikin 100. An daɗe ana dogaro da sinadarin banadiyam, wanda shi kansa yana da guba, shi ya sa masu bincike suka karkata ga jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da ake dasawa cikin ziyolait, ma'adini mai ƙananan ƙofofi. Amma man da farar wuta ta yi wa yawa yana kashe irin wannan sinadari, ƙananan injinanmu kuma ba su da na'urar sam.

A ganinmu, gyaran da ya fi kusa da mu yana cikin gonar shinkafa. Yuriyar da aka watsa a saman ruwa, kaso mai yawa nata iska ke tafiya da shi. Wani ɓangaren kuma ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa ke mayar da shi naitiros oksayid, wadda ta ninka iskar kabon sau 273 wajen ɗumama duniya. Ga asarar kuɗin manomi, ga illa ga muhalli.

Cusa dunƙulen yuriya cikin laka, zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar shuka huɗu, yana rage asarar ƙwarai. Aiki ne mai cin lokaci, ba mu musanta ba. Muna kira ga malaman gona na KNARDA da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su kafa gonakin gwaji a kowane sashe kafin dashen bana, ƙananan hukumomi kuma su tallafa wa manoma da famfo mai aiki da hasken rana.