Ra'ayinmu: Matasan Zongo masu goyo, wa zai kama hannunsu?

Duk wanda ke bin hanyar Seme ya san yadda al'amura suka sauya. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. A 2023 aka cire tallafin mai, kwalaben kpayo da ake sayarwa bakin titi suka yi tsada, sannan juyin mulkin Nijar ya tsayar da manyan motoci a Malanville. Mu 'yan kasuwa mun yi asara, amma wanda ya fi jin jiki shi ne yaron da ke sauke mana kaya.

Da yawa daga cikin waɗannan yara, daga Zongo har Sainte-Rita, yau magidanta ne. Ɗan shekara 20, ga mata ga jariri, kuɗin haya na jiransa, abin yi kuwa sai hayar babur idan ya samu. Daga nan wasu ke faɗawa shan tramol.

Gwamnatin Benin, ta hannun hukumar ANPE, ta fito da shirin Azôli don matasan da ba su yi nisa a boko ba. Abin tambaya, cikin yaranmu nawa ne suka ji labarinsa? Nawa ke da takardar haihuwa?

Muna kira ga limaman Zongo su riƙa sanar da irin wannan da Hausa bayan sallar Juma'a. Mu kuma iyayen gida, kowa ya ɗauki yaro guda ya kai shi a yi masa takardu, ya yanka masa lokacin sallama da jarinsa, a gaban shaidu.