Lambobin Manyan Hanyoyi da Makomar Gine-ginen Bakin Titi a Samaru da Sabon Gari

Jama'a da dama a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari sun san hanyoyinsu ne da sunan garin da suka nufa, wato hanyar Kano, hanyar Sakkwato ko hanyar Jos. A wurin hukuma kuwa kowace daga cikinsu tana da harafi da lamba, waɗanda suke nuna wanda ya mallake ta, da wanda gyaranta ya rataya a wuyansa, da kuma matsayinta a cikin shirin faɗaɗa hanyoyi na ƙasa. Mun ga ya dace mu yi bayani a kan wannan tsari, ganin yadda ayyukan hanya suka yawaita a ƙasar Zazzau a 'yan shekarun nan, kuma rashin saninsa yana iya jawo wa mutum asarar gida ko shago.

Tun zamanin Turawa aka kasa hanyoyin Nijeriya gida uku. Rukunin A na Gwamnatin Tarayya ne, rukunin B na jihohi, rukunin C kuma na ƙananan hukumomi, kamar hanyoyin da suke haɗa ƙauyuka da kasuwanni. A shekarar 1974 Gwamnatin Tarayya ta karɓi dubban kilomitoci daga hannun jihohi, aka sa musu harafin F, ma'ana sun koma na Tarayya.

Manyan hanyoyi huɗu na rukunin A sun taso ne daga bakin teku suka nufo Arewa. A1 ta tashi daga Legas ta bi ta Badun da Ilori da Kwantagora zuwa Sakkwato. A2 ta tashi daga Fatakwal ta bi ta Binin da Lakwaja da Abuja da Kaduna da Zariya da Kano, har Daura da kan iyakar Jamhuriyar Nijar. A3 ta bi ta Inugu da Makurɗi da Jos da Bauchi zuwa Maiduguri, ita kuwa A4 daga Kalaba ta taso. Ke nan babban titin da ya ratsa Ɗanmagaji da Kwangila shi ne A2, kuma wani yanki ne na hanyar ƙetare Sahara wadda ta haɗa Aljeriya da Legas ta Agadas da Damagaram da Kano.

Hanyoyin da suke haɗa waɗannan manyan hanyoyi suna da lamba uku, kuma lambobin ba a ka aka raba su ba. Hanyar da ta bi ta Palladan da Samaru da Shika da Giwa zuwa Funtuwa da Gusau da Sakkwato ita ce A126. Lamba 1 da lamba 2 suna nuna cewa ta haɗa A1 da A2, lamba 6 kuma tana nuna cewa ita ce ta shida idan aka ƙirgo daga Kudu, domin A121 tana tsakanin Shagamu da Binin, A125 kuma tana tsakanin Kwantagora da Kaduna. Haka nan hanyar Zariya zuwa Pambeguwa da Saminaka da Jos ita ce A236, saboda ta haɗa A2 da A3.

Amfanin farko na wannan sani shi ne gane inda za a kai koke. Idan rami ya buɗe ko kwalbati ya karye a kan A2 ko A126 ko A236, alhakin yana kan Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, wadda take da Kwanturola a Kaduna, da kuma hukumar FERMA da aka kafa a shekarar 2002 don gyaran hanyoyin Tarayya. Hanyoyin jiha suna hannun hukumar KADRA, na karkara kuma suna hannun sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Takardar da aka kai ofishin da ba nasa ba takan daɗe tana yawo, alhali damina ba ta jira.

Amfani na biyu, wanda ya fi nauyi, ya shafi filaye. Hanyar Tarayya ba ta tsaya a inda kwalta ta ƙare ba. A ƙarƙashin Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971, hukuma tana da iko da filin da aka keɓe a gefen hanya, kuma ma'aunin da Ma'aikatar Ayyuka take aiki da shi shi ne mita 45.72, wato ƙafa 150, daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. An bar wannan fili ne domin ranar da za a mayar da hanya tagwaye, ko a gina magudanar ruwa ko gadar sama, ko a bi da bututun ruwa da turakun lantarki. Duk da cewa yakan yi shekaru babu kowa a kansa, yana da mai shi.

Faɗaɗa hanya kuwa ba a yinsa dare ɗaya. Da farko injiniyoyi sukan ƙidaya motocin da suke bi a kullum da nauyin tireloli da tankoki, su yi hasashen ƙaruwarsu nan da shekaru masu zuwa. Daga nan safiyo ya shata hanya, a binciki illar aikin ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada, a ƙidaya gidaje da gonaki da itatuwan da abin zai shafa, sannan a nemi kuɗi a kasafi, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangila.

Mun ga misali a kan A2. A watan Disamba na 2017 aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kano mai tsawon kilomita 375, aka kasa ta gida uku: Abuja zuwa Kaduna, Kaduna zuwa Zariya, da Zariya zuwa Kano. A watan Mayu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ɓangaren da aka kammala tsakanin Kaduna da Kano. A 2024 kuma gwamnati ta soke kwangilar kamfanin a ɓangaren Abuja zuwa Kaduna, daga baya aka miƙa shi ga wani kamfani. A126 ma an ba da kwangilar mayar da ita tagwaye daga Zariya zuwa Sakkwato a 2023, an kuma kasa aikin gida huɗu. Darasin da ke nan shi ne, aiki yana iya yin jinkiri na shekaru, har kamfani ya canza, amma shatar hanya tana nan inda take.

Wannan ya shafi Samaru da kewaye ƙwarai. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 jama'a suke ƙaruwa a wannan yanki, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Palladan, ga Asibitin Koyarwa a Shika. Saboda haka filin bakin titi ya yi daraja, rumfuna da kwantenoni da wuraren kanikanci suna ta matsowa kusa da kwalta. Dokar Filaye ta 1978 ta tanadi diyya ga mai haƙƙi na halal a kan gini ko amfanin gonarsa idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a. Amma wanda ya yi gini a cikin filin da aka riga aka keɓe wa hanya, kuma ba shi da izini, ba shi da hujjar da zai riƙe ranar da katafila ta iso. Takardar cinikin da dillali ya rubuta ba za ta tsaya masa ba.

Don haka muna kira ga duk mai niyyar sayen fili a bakin waɗannan hanyoyi da ya fara tuntuɓar hukumar KADGIS don tantance matsayin filin, ya kuma nemi izinin gini daga KASUPDA kafin ya aza tubali. Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su guji sa hannu a cinikin filin da ke jikin babban titi sai an auna, su kuma wayar da kan talakawansu. Jami'an ƙananan hukumomi su daina yanka wa 'yan kasuwa rumfuna a gefen hanyar Tarayya don neman kuɗin shiga. Waɗanda gidajensu ko gonakinsu suka riga hanya kuwa, su adana takardunsu, su kuma halarci ƙidayar kadarori da kansu idan lokacinta ya zo.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kiyaye matafiyanmu, amin.