Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Horo Kaɗai Ba Ya Kwance Mari

A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 ta zamanin Turawan mulkin mallaka. Sai dai a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, wa zai yi aikin?

Amsar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce shirin mhGAP, wanda ta ƙaddamar a 2008. Ƙwararru na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali, su yi maganin abin da za su iya, su tura mai tsanani babban asibiti. An gwada shi a Osun, an kuma yi amfani da shi a Borno, inda rikicin Boko Haram ya bar jama'a da firgici.

Amma tallafin ƙwararru ba ya ƙarewa a zauren bita. Ma'aikacin da aka horar yana buƙatar mai bibiyar aikinsa da magani a asibitinsa, kuma wannan nauyi yana wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. Idan ba su sanya shi cikin kasafin kuɗi ba, horon zai bi masu ba da tallafi ranar da suka tattara kayansu.

A 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane, wasu ɗaure da mari, daga wani gida a Rigasa, Kaduna. Muddin asibitin unguwa ba shi da magani, iyalai za su ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar irin waɗannan gidaje.