Namiji Da Hawaye A Gaban Fim: Ina Abin Kunyar Yake?

Akwai wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi a gidajen kallo da ɗakunanmu, tun daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan. Da zarar fim ya kai wurin ban tausayi, sai ka ga maza an fara tari, wani ya ce hayaƙi ne ya shigar masa ido, wani ya tashi wai zai kama ruwa. Wanda kuwa aka kama yana share ido, ya shiga uku da tsiya har sati ya zagayo. A ganinmu wannan tsiyar ba ta da tushe, kuma lokaci ya yi da za mu daina ta.

Mu duba finafinan da suke sa mu hawayen. Iyayenmu sun kalli Mother India na 1957, inda uwa ta harbe ɗan cikinta da hannunta don kare mutuncin 'yar mutane. Mu kuma mun kalli Baghban na 2003, inda Amitabh Bachchan ya fito a matsayin uban da ya ƙarar da ƙarfinsa kan 'ya'yansa huɗu, da ya tsufa suka raba shi da matarsa, kowa ya ɗauki ɗaya kamar kayan gado. Ga kuma fim ɗin Umar Mukhtar, dattijon Libiya da Turawan Italiya suka rataye a 1931, da yaron nan da ya sunkuya ya ɗauki tabaraunsa. Uwa, tsufa, butulci da zalunci su ne abin da ke cikin waɗannan labarai. Wanda ya ga haka zuciyarsa ta motsa, lafiyarsa ƙalau.

Mu da muke zaune a kudu mun fi kowa sanin dalili. Da yawanmu mun baro iyaye da mata da yara a Arewa, sai salla ko rasuwa ke kai mu gida. Mai sayar da albasa a Mile 12 da ya shekara bai ga mahaifiyarsa ba, idan ya ga tsohuwa a fim tana jiran ɗanta a bakin ƙofa, tasa tsohuwar yake gani. Fim ɗin dai ya taɓo inda ke masa ciwo ne, ciwon kuwa tun da can yana nan.

Masu cewa namiji ba ya kuka suna da abin da suke karewa, kuma mun fahimce su. An tarbiyyantar da mu kan dauriya da kunya, kuma gidan da maigida ya rikice ranar tashin hankali, kowa ma sai ya rikice. Wannan gaskiya ne. Amma dauriya tana nufin ka tsaya kan ƙafarka ka yi abin da ya wajaba, ko da idonka na zubar da ruwa. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, da Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, sai ya nuna masa cewa wannan rahama ce. Sayyidina Abubakar ya shahara da kuka idan yana karatun Alƙur'ani. Wane ne a cikinmu ya fi waɗannan mazantaka? Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi.

Wasu kuma za su ce ai fim ƙarya ne, yaya mutum da hankalinsa zai yi wa ƙarya kuka? To, labarin ne aka ƙirƙira, amma tsofaffin da 'ya'yansu suka yasar suna nan a unguwanninmu, haka marayu da matan da aka sako ba dalili. A nan ne ma muke da jan hankali ga masu saurin hawayen. Idan ka yi kuka saboda tsohon Baghban, sannan ka yi wata uku ba ka kira naka tsohon a waya ba, hawayenka bai amfane ka da komai ba. Tausayin da fim ya tayar, a kai shi inda ake buƙatarsa: a aika gida da ɗan abin da ya samu, a leƙa ɗan uwa da ke kwance a asibiti, a saka hannu a asusun marayu.

Abin da ya fi damunmu shi ne yaranmu maza. Yaron da aka yi wa dariya yau don ya yi hawaye a gaban talabijin, ya koyi cewa ɓoye damuwa shi ne girma. Gobe idan aka zalunce shi a makaranta ko a wurin koyon sana'a, ba zai faɗa wa kowa ba. Idan ya girma, matarsa ba za ta san abin da ke cinsa ba sai ya kwanta ciwo. Kukan kurciya jawabi ne, in ji Bahaushe. Idan ɗanka ya yi hawaye a kan fim, zauna ka tambaye shi abin da ya gani, za ka san ɗanka fiye da yadda ka san shi jiya.

Saboda haka idan na kusa da kai ya share ido a gidan kallo, ka ƙyale shi, ka mai da hankalinka kan fim ɗin. Allah Ya tausasa zukatanmu, Ya haɗa mu da iyalanmu cikin alheri.