Salesforce Ya Ce Tafiya Ta Rage Sauri, Suka Ji Mutuwa

Ranar 30 ga Mayu, 2024, hannun jarin kamfanin manhaja na Salesforce ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari a kasuwar New York, faɗuwa mafi muni tun 2004. Asara ya tafka? Ko kusa. Cinikinsa na wata uku ya kai dala biliyan 9.13, ƙarin kashi 11 a kan na shekarar baya. Laifinsa, ya gaza hasashen manazarta da ƙiris, kuma ya ce a wata uku masu zuwa kada a sa rai da fiye da biliyan 9.25.

Za a ce min ai mai zuba jari gobe yake saye. Na yarda. Amma giɓin da bai kai kashi 2 ba, shi zai cinye kashi ɗaya cikin biyar na darajar kamfani a wuni guda? Wannan firgita ce, ba lissafi ba. Abin da ya fi ba ni haushi, irin wannan horo yana koya wa shugabannin kamfanoni shafa wa magana zuma.

A Disamba ta wannan shekarar hannun jarin ya kai farashin da bai taɓa kaiwa ba. Waɗanda suka sayar a Mayu, ina jiran bayaninsu.