Sharhi: Gonaki da azuzuwan Jakusko na jiran masu digiri na biyu da na uku

Tun daga watan Janairun 2025, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje karatun digiri na biyu da na uku, saboda tsadar canjin kuɗi da kuma ƙin dawowar wasu da aka ɗauki nauyinsu. Da wannan mataki, nauyin horar da masana ya koma wuyan jami'o'in cikin gida. Abin tambaya yanzu shi ne irin binciken da za a yi da kuma wanda zai amfana da shi. Ƙaramar Hukumar Jakusko da ke arewacin Jihar Yobe wuri ne da ya dace a auna amsar, a fannoni biyu da ɗalibai ba su cika rububinsu ba: kimiyyar ƙasar noma da amfanin gona, da ilimin masu buƙata ta musamman.

Jakusko tana yankin da kogunan Haɗejiya da Jama'are ke ratsawa kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe. Manomin yankin yana aiki da ƙasa iri biyu. Akwai jigawa inda yake shuka gero da wake da riɗi, akwai kuma fadama ta shinkafa da noman rani. Madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yawan ruwan da ke malalowa da lokacin zuwansa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Nguru, sannan ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a Jakusko da maƙwabtanta.

Kowace daga cikin waɗannan matsaloli tambaya ce ta bincike. Nawa ne takin da jigawar Jakusko ke buƙata, kuma yaya ya bambanta da na fadama? Wane irin shinkafa ne ke jure kwanaki a ƙarƙashin ruwa? Yaya za a hana gishiri taruwa a gonar da ake yi wa ban ruwa shekara da shekaru? Ba a samun amsa a damina guda, kuma sakamakon da aka samu a ƙasar Samaru ta Zariya ba lallai ne ya dace da rairayin arewacin Yobe ba. Digiri na uku yakan ɗauki aƙalla shekara uku, wato damina uku na gwaji a gona ɗaya. Hatta ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa da kewayenta, wanda masana ke ci gaba da binciken musabbabinsa, yana buƙatar masu iya auna ƙasa da ruwa da hatsi.

Cibiyoyin da za su ɗauki aikin suna nan. An kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013, kuma tana da tsangayar aikin gona. Ga Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, ga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri mai kula da gero da alkama, ga kuma Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da ke Kano. Shirin NEAZDP mai hedikwata a Garin Alkali ya fi shekara 30 yana hulɗa da ƙauyukan yankin. Abin da ya rage shi ne a haɗa ɗalibin bincike da gonar manomi.

Haka lamarin yake a aji. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har matakin sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati samar da ma'aikacin da aka horar domin kula da su. Sai dai doka ba ta shiga aji ta koyar. Tsofaffin wuraren horar da irin waɗannan malamai, kamar kwalejin tarayya ta Oyo da aka buɗe a 1977 da sassan jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero, suna nesa da Jakusko. Kafin kwalejojin kusa, irin su Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa, su wadatar da makarantun karkara da masu koyar da kurame da makafi, dole su kansu su wadata da malamai masu digiri na biyu da na uku a fannin.

A nan ma ba komai ake arowa daga waje ba. Yaren kurame da ake koyarwa a makarantun Najeriya ya samo tushe ne daga na Amurka, alhali kuraman ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu tun da daɗewa. Yadda za a koyar da yaro kurma wanda iyayensa ke jin Badanci ko Fulatanci ko Hausa bincike ne da sai wanda ya zauna cikin jama'ar zai iya yi.

Wasu za su ce karatun cikin gida yana fama da ƙarancin kayan gwaji da yajin aiki, kuma ƙwararre ba ya zama inda albashi bai kai ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ke nuna inda ya kamata kuɗin da aka daina kashewa a waje ya nufa: ɗakunan gwajin ƙasa da ruwa, da tallafin zirga-zirgar ɗalibai zuwa gona da makaranta. Gwamnatin Yobe tana iya ware gurabe na musamman ga fannonin biyu, bisa sharaɗin a yi binciken a jihar, a kuma yi mata aiki na wasu shekaru. Jami'o'i kuwa su wajabta wa ɗalibi bayyana sakamakonsa da Hausa da Badanci a rediyo da gaban malaman gona da shugabannin makarantu.

Ma'aunin nasarar tsarin ba yawan kundayen da aka jera a ɗakin karatu ba ne. Za a gane ta ranar da manomin Amshi ya san takin da gonarsa ke buƙata, yarinya makauniya a Jakusko kuma ta sami malamin da zai koya mata karatu a garinsu.