Hasken Gefe Ke Tona Asirin Tsohon Kwabo

Jama'a, da wuya a sami babban gida a ƙasar nan wanda babu anini ko kwabo mai huji a ƙarƙashin adaka. Tun da naira ta maye gurbin fam a 1973, waɗannan kuɗi suka koma kayan tarihi. Irin wannan kaya kuwa, da zobba da hatimai na kakanni, in ɓarawo ya yi gaba da su, hoto ne kaɗai shaidar mai su. Shi ya sa ƙa'idar nan ta duniya mai suna Object ID, wadda aka fitar a 1997 don gano kayan tarihin da aka sace, ta sa ɗaukar hoto a kan gaba.

To, amma ba kowane hoto ne shaida ba. Mai haska kwabo gaba da gaba da fitilar kyamara ba zai ga kome ba sai farin ƙyalli, gama ƙarfe mai da haske yake yi kamar madubi. Rubutu da zanen kwabo tudu ne da kwari, inuwa ce kuma ke bayyana su.

Saboda haka a kashe fitilun ɗaki, a shimfiɗa baƙin ƙyalle, a ajiye fitila guda daga gefe, ƙasa-ƙasa, yadda haskenta zai shafi fuskar kwabon. Nan take za a ga tauraron nan mai tsini shida da rubutun Larabci na kuɗin Afirka ta Yamma sun fito sarai, har da tabo da ƙwarzane, watau alamun da ke raba wannan kwabo da dubban 'yan'uwansa. In inuwa ta yi yawa, sai a tsai da farar takarda a ɗaya gefen ta maido da haske. In kuwa abin azurfa ne mai sheƙi, a rataya farin yadi tsakaninsa da fitilar don hasken ya yi laushi.

A kafa kyamara daidai bisa abin, kada a riƙe ta da hannu. A sa rula a gefe don a san girmansa, a kuma ɗauki fuska biyu. Kada a kuskura a goge shi da toka ko lemun tsami wai don ya yi kyau. Dauɗar shekaru tana cikin darajarsa.

Gani dai ya kori ji. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.